Yadda Ake Shirya Tafiyar Ayarin Babura a Hanyoyin Tsaunuka

Hanyar tsauni ita ce inda mai babur yake samun mafi yawan abin da ya sa ya so hawan babur tun farko: kwana bayan kwana, iska mai sanyi, da kwarin da ke buɗewa a ƙasa duk lokacin da hanya ta juya. Yin wannan tafiya tare da abokai yana ƙara mata daɗi, yana kuma ƙara mata aminci idan an tsara ta da kyau, domin akwai mai taimako idan taya ta yi faci ko wani ya faɗi. Sai dai ayari yana zuwa da nasa haɗarin, kuma a ganina shi ne ya fi cancanta a ji tsoronsa: mahayi ya ga na gabansa ya ɓace masa a bayan dutse, tsoron a bar shi a baya ko kunyar a ce bai iya ba ta kama shi, ya murɗa totur, ya shiga kwanar da ta fi ƙarfinsa. Duk matakan da ke tafe an gina su ne a kan manufa ɗaya, wato a kawar da duk wani dalilin da zai sa wani a cikin ayari ya yi gudun da ya wuce iyawarsa.

Mataki na farko: mutane da muƙamansu

Ku fara da ƙayyade yawanku. Babura 5 zuwa 7 su ne adadin da ake iya riƙewa wuri ɗaya ba tare da wahala ba. Idan kun fi haka, ku rabu gida biyu, kowane rukuni da shugabansa, a bar tazarar mintuna kaɗan a tsakani, domin dogon ayari yana hana motocin da ke baya wucewa, kuma direban da ya gaji da jira shi ne yake kutsawa tsakiyar babura a wurin da bai dace ba.

Muƙamai biyu ne ba a tafiya sai da su. Akwai madugu, wanda ke gaba, wanda ya san hanya, kuma yake da natsuwar da zai riƙa duba madubinsa a kai a kai. Akwai kuma mai tsaron baya, wanda ba ya wuce kowa, kuma babu wanda ke zama a bayansa. Mutane sukan ɗauka cewa gwanin ayari shi ya kamata ya shige gaba, amma ni ina ganin mai tsaron baya ne ya fi bukatar ƙwarewa da haƙuri, domin shi ne dole zai iske duk wanda ya faɗi ko babur ɗinsa ya mutu, shi ya sa kayan gyara da akwatin taimakon gaggawa suke zama a hannunsa. Waɗanda ba su saba da tsauni ba, da waɗanda suka yi goyo, a sa su dab da madugu, inda gudu ya fi daidaito. A ƙarshen layi ne ake yawan yin birki da sake ba da wuta don cike giɓi, saboda haka can ba wurin sabon hannu ba ne.

Mataki na biyu: hanya da lokaci

Kuskuren da aka fi yi wajen tsara hanya shi ne a auna ta da ma'aunin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Kilomita 100 da za a cinye cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna a miƙaƙƙen titi suna iya ɗaukar sa'o'i biyu da rabi ko uku a kan tsauni, balle an haɗa da tsayawar shan mai, ɗaukar hoto da hutawa. Shawarata ita ce kada ku wuce kilomita 200 zuwa 250 a rana idan yawancin hanyar kwane-kwane ce, kuma ku tsara ta yadda za ku isa masauki da sauran rana. A cikin kwari duhu yana riga lokacinsa, domin rana tana faɗawa bayan dutse tun kafin ta faɗi a sarari.

Ku bincika ko hanyar a buɗe take a watan da kuke nufi. Manyan hanyoyin tsaunuka da dama ana rufe su saboda dusar ƙanƙara. Mashigar Stelvio da ke arewacin Italiya, wadda tsayinta ya kai mita 2,757, kuma take da matsattsun kwanoni 48 a ɓangarenta na arewa maso gabas, takan kasance a rufe daga wajen Nuwamba har zuwa ƙarshen Mayu. Saman hanyar Transfagarasan ta ƙasar Romaniya, mai tsayin mita 2,042, ba a cika buɗe shi ba sai a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Wasu hanyoyin kuma matsalarsu daban ce: mashigar Sani da ke tsakanin Afirka ta Kudu da Lesotho ta haura mita 2,800, samanta ba kwalta, kuma kan iyaka ce, sai da fasfo. Tizi n'Tichka da ke tsaunukan Atlas na Maroko, tsakanin Marrakesh da Warzazat, babbar hanya ce da manyan motoci ke bi kullum. Kowace irin hanya kuka zaɓa, ku san waɗannan abubuwa uku kafin ku yanke shawara: irin shimfiɗarta, lokacin buɗewarta, da irin ababen hawan da za ku haɗu da su.

Lissafin mai ana yin sa ne da babur ɗin da tankinsa ya fi ƙanƙanta. A rubuta gidajen man da ke kan hanya, a kuma yi ƙa'idar cewa idan an tsaya shan mai kowa zai cika tankinsa, ko da yana ganin da saura. Kowane mahayi ya sauke taswirar yankin a wayarsa ta yadda za ta yi aiki ba tare da intanet ba, domin sabis yana ɗaukewa a cikin kwazazzabai, sannan ya riƙe takarda a aljihu mai ɗauke da sunayen wuraren tsayawa, sunan masauki, lambar madugu, lambar mai tsaron baya, da lambar kiran gaggawa ta ƙasar da kuke ciki, wadda a ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112. Lasisi, takardun babur da inshora, kowa ya duba nasa tun da wuri.

Mataki na uku: babur

A kai babur wurin bakanike mako ɗaya ko biyu kafin tafiya, yadda za a samu damar hawansa a gwada aikin da aka yi. Gyaran daren tafiya yakan bar ƙusar da ba a ɗaure ba.

Birki ne kan gaba. A duba kaurin takalman birki, sannan a tambayi shekarun man birkin. Wannan mai yana tsotsar danshi daga iska sannu a hankali, kuma ruwan da ya shiga cikinsa yana rage zafin da zai iya jurewa kafin ya tafasa. Nau'in DOT 4 idan sabo ne ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha danshi yana iya sauka zuwa wajen 155. A gari ba za ka taɓa lura da wannan bambanci ba. A gangarar kilomita 15 kuwa, inda birki ke aiki ba hutu, man yana iya tafasa, ya yi kumfa, ka matse hannun birki ya tafi har ƙarshe babu abin da ya kama. Saboda haka ake canza shi duk bayan shekara 2, kuma idan ba ka tuna ranar da aka canza naka ba, to lokaci ya yi.

Bayan birki sai tayoyi. A duba zurfin zanensu, har da gefuna, domin a kan gefen taya ake shan kwana, kuma a auna iska da safe kafin tayar ta yi zafi, bisa adadin da kamfanin babur ɗin ya rubuta, tare da ƙarin da ya tanada idan akwai goyo ko kaya. A daidaita sarƙa a sa mata mai, a duba baƙin mai, fitilu, sigina da hon. Kayan gyaran da za a ɗauka a raba su tsakanin mahaya: kayan faci irin wanda ya dace da tayoyinku, ƙaramin famfo, sifanu, fis, wayar kuloci, tocila da igiya. Kaya masu nauyi a sa su ƙasa kusa da tsakiyar babur, a daidaita dama da hagu, a ɗaure su yadda babu wata igiya da za ta yi lilo kusa da taya.

Ka sa ran babur ɗinka zai yi nauyin jiki yayin da kuke hawa. Iska tana yin siriri a sama, kuma injin yana rasa kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 1,000. Baburan zamani masu tura mai ta na'ura suna daidaita haɗin mai da iska da kansu, masu kafireta kuma sukan sha mai fiye da kima, su riƙa shaƙewa. Wannan ba lalacewa ba ce, amma tana nufin wuce mota a sama zai ɗauke ka nisan da ya fi wanda ka saba.

Mataki na huɗu: sutura da jiki

Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau. Idan kun bar gindin tsauni a mita 500 zafi yana digiri 30, za ku tarar da wajen digiri 17 a mita 2,500, kuma iskar gudu za ta sa jiki ya ji abin ya fi haka sanyi. Hannun da ya sandare ba ya iya matsa birki a hankali. Don haka a sa tufafi hawa-hawa waɗanda za a iya ƙarawa ko ragewa, a ajiye rigar ruwa a saman kaya inda hannu zai kai gare ta cikin minti ɗaya, a kuma ɗauki safar hannu biyu. Hular kwano mai rufe fuska duka, wadda ke ɗauke da tambarin gwaji irin su ECE 22.06, da jaket mai kariya a kafaɗa, gwiwar hannu da baya, da takalmi mai rufe idon sawu, waɗannan ba abin tattaunawa ba ne, kuma na goyo ma haka zai shirya. Gilashin hula ya zama fari, domin mai duhu yana makantar da mutum idan hanya ta shiga ramin da aka huda cikin dutse.

Daga wajen mita 2,500 wasu mutane sukan fara jin ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko kasala saboda ƙarancin iskar numfashi. Wanda ya ji haka ya faɗa, kada ya ɓoye, kuma idan abin yana ƙaruwa maganinsa shi ne a sauko ƙasa. A riƙa shan ruwa a kowace tsayawa, ko da ba a jin ƙishi.

Mataki na biyar: taron safe da tsarin mararraba

Kowace safiya, kafin a tayar da inji, ku tsaya na minti 10. Madugu ya faɗi hanyar ranar, wurin tsayawa na gaba, da wuraren da ya san suna da wuya. A sake tuna alamun hannu, kaɗan waɗanda kowa zai riƙe: rage gudu, a shiga layi ɗaya, akwai abu a kan hanya, ina bukatar mai, ina bukatar tsayawa. Duk alamar da madugu ya yi, kowa ya maimaita ta ga na bayansa.

A wannan taron ne za a bayyana tsarin da na ɗauka shi ne ginshiƙin tafiyar gaba ɗaya. Duk lokacin da aka zo mararraba ko shatale-tale inda za a sauya hanya, madugu zai nuna wa mahayin da ke bayansa kai tsaye wuri mai aminci, shi kuma ya tsaya a nan, inda masu zuwa za su hango shi, yana nuna musu inda aka bi. Ba zai motsa ba, ko da minti 20 zai yi yana jira, sai ya ga mai tsaron baya, sannan ya shiga gabansa su ci gaba. Wanda ya zama na biyu a yanzu shi zai tsaya a mararraba ta gaba. Idan babu kowa a tsaye, ma'anarsa a miƙe kan babbar hanya. Amfanin wannan tsari shi ne babu mai bukatar ya riƙa ganin na gabansa don kada ya ɓata. Mai sauri ya yi tafiyarsa, mai bi a hankali ya yi tasa, kuma dukansu za su isa wuri ɗaya. Tsarin yana rushewa ne ta hanya guda, wato mai tsayuwa ya gaji ya tafi kafin na ƙarshe ya iso, saboda haka a nanata wannan kullum. Yana da kyau mai tsaron baya ya sa riga mai launin da ake ganewa daga nesa. Idan akwai sabon hannun da aka ajiye kusa da madugu, a keɓe shi daga tsayuwar mararraba, na bayansa ya riƙa yi.

Madugu ya faɗa da bakinsa, a gaban kowa, cewa babu wanda ake jira ya burge wani, kuma za a jira kowa ba tare da ƙorafi ba. Wannan magana tana da nauyi idan ta fito daga wanda ya fi kowa iyawa.

Mataki na shida: a kan hanya

A miƙaƙƙiyar hanya mai faɗi ana jeruwa ne a karkace: madugu a ɓangare ɗaya na hannunku, na biyu a ɗaya ɓangaren, na uku a bayan madugu, haka har ƙarshe. Tsakaninka da wanda ke gabanka kai tsaye a samu daƙiƙa 2, wato kimanin mita 33 idan ana gudun kilomita 60 a sa'a, tsakaninka da na gefe kuma daƙiƙa 1. Ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa. Da zarar kwanoni sun fara, ko hanya ta matse, ko kwalta ta lalace, sai a koma layi ɗaya a buɗe tazara sosai, domin kowane mahayi yana bukatar faɗin hannunsa duka.

Kowace kwana ana gama shirinta ne kafin a shige ta. Ka rage gudu, ka sauke giya tun babur yana miƙe, ka matsa zuwa gefen waje na hannunka don ka hango cikin kwanar da kyau, sannan ka juya kanka gaba ɗaya ka kalli inda kake son fita. Babur yana bin ido: wanda ya ƙura wa shingen ƙarfe ko bakin rami ido, can zai nufa. Ka jinkirta karyawa har sai ka fara ganin mafita, domin wanda ya karya da wuri shi ne kwana ke turawa hannun masu zuwa a ƙarshenta. A cikin kwanar ka riƙe totur daidai, ka ƙara wuta a hankali yayin da babur ke miƙewa. Ka kuma tuna cewa idan ka kwanta a kwanar da ke kusa da layin tsakiya, tayoyinka suna iya zama a hannunka alhali kanka da kafaɗarka sun tsallaka hannun motar da ke tahowa. Ƙa'idar da ke sama da duk waɗannan ita ce ka yi gudun da za ka iya tsayawa a cikin nisan da idonka ke gani, saboda bayan dutsen nan ana iya samun tsakuwa, ruwan da ya malalo, dabbobi, mai keke, ko doguwar motar da ta cinye hanya duka.

Matsattsiyar kwana mai komawa baya, irin waɗanda suka sa Stelvio ta yi suna, tana bukatar dabara ta musamman, musamman a hawa. Ka shige ta da giya ta ɗaya ko ta biyu, injin yana ɗan ɗaga murya, kana riƙe da kuloci a rabi, ƙafarka tana ɗan taɓa birkin baya don babur ya natsu. Kada ka damƙi birkin gaba alhali kan babur yana karye, domin nan take zai kai ka ƙasa. Gefen ciki na irin wannan kwana shi ne ya fi tsayuwa, ƙafa kuma ba ta kai ƙasa a ɓangaren gangara, don haka ka bar na gabanka ya fita gaba ɗaya kafin ka shiga, kuma idan ka hango bas tana saukowa, ka tsaya tun daga nesa ka ba ta wuri. Idan dole ta sa ka tsaya a tudu, ka riƙe babur da birkin baya, ka saki kuloci har ka ji ya fara ja, sannan ka ɗaga ƙafa.

Saukowa ta fi hawa wuya, kuma takan zo ne bayan an gaji. Ka sauko da giyar da za ka hau wurin da ita, ka bar inji ya riƙe babur. Kada ka sa a firi, kada ka matse kuloci ka bar babur ya gangara, kada kuma ka kashe inji da sunan tsimin mai. Birki a yi shi da ƙarfi na ɗan lokaci kafin kwana, gaba da baya tare, sannan a sake shi ya huce, maimakon a ɗora ƙafa a kansa tun daga sama har ƙasa. Idan ka ji ƙauri ko ka ji birkin ya fara laushi, ka tsaya a wuri na farko mai aminci ka jira ya yi sanyi. Ka matse tanki da gwiwoyinka don nauyinka ya bar hannuwanka.

Wuce mota shawara ce ta mutum ɗaya. Wucewar na gabanka ba izini ba ce gare ka, kuma madugu idan ya wuce ya ci gaba da tafiya don ya bar wa na baya wurin shiga. A matsattsun hanyoyin ƙasashe irin su Suwizalan, mai hawa ne yake da fifiko a kan mai saukowa, don haka ku san dokar inda kuke. Kallon kwari kuma a bar shi sai an tsaya. Ku tsaya duk bayan sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi a filin da aka tanada, nesa da kwana, kowane babur a giya ta ɗaya, kansa yana fuskantar tudu, ƙafar jinginarsa a kan ƙasa mai tauri. A tsaunuka da yawa hadari yana haɗuwa ne bayan tsakar rana, shi ya sa ya fi kyau a tsallake wuri mafi tsayi da hantsi. Idan hazo ya rufe hanya, a kunna fitila ta ƙasa, a ninka tazara, idan kuma ana tsawa a sauka daga kan tsauni a nemi gini.

Mataki na bakwai: idan wani ya faɗi

Ku yi wannan magana tun a gida, ku raba aiki. Wanda ya fara isa ya ajiye babur ɗinsa a wuri mai aminci, ya tura mutum ɗaya sama da kwanar, ɗaya ƙasa da ita, su riƙa tsayar da ababen hawa, domin motar da za ta fito daga kwana ba ta san akwai mutum a kwance ba. A kashe injin babur ɗin da ya faɗi. Mutum ɗaya ya kira lambar gaggawa ya faɗi sunan hanya da alamar kilomita mafi kusa, idan babu sabis kuma a tura mahaya biyu tare zuwa inda za a samu. Kada a ɗaga wanda ya ji rauni ko a ja shi, sai idan inda yake kwance akwai haɗarin da ya fi raunin, kuma kada a cire masa hular kwano sai idan ba ya numfashi ko amai na neman shaƙe shi, domin ana iya samun karaya a wuya. Inda jini ke zuba a danne shi da ƙyalle mai tsabta, a lulluɓe mutumin saboda sanyi, a riƙa yi masa magana. Ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, idan kansa ya bugu, ko ya rikice, ko ya manta abin da ya faru, ba zai sake hawa babur a ranar ba sai likita ya duba shi, hular da ta bugu kuma a canza ta. Babur ɗin ma a duba hannun birki, kan babur, tayoyi da yoyon mai kafin a yarda wani ya hau shi zuwa masauki.